Lallen da Ya Sha Ruwan Alwala

A unguwarsu cikin Tawa, in aka ambaci Kaltumi sai a ce, "Wace? Mai shayar da icce?" Mata a bakin pampo cewa suke fari ya taɓa mata kai. Shekarar da sojoji ke rabon jar dawa, shanu na faɗuwa a hanyar Affala, ita kuwa tana fama da ɗan itacen lallen da ta ciro daga gidan marigayiya uwarta a Barmu.

Alhusaini, wan mijinta, shi ne babba a gidan. Ran da ya gan ta da ƙwarya a gindin lallen, ya daka mata tsawa gaban yara.

"Mutane na layin ruwa tun asuba, ke kina ba icce? In ƙara ganin ɗigo guda, gatari za ni sa mai!"

"To, Yaya," ta ce.

Ba ta ƙara ɗiba daga randa ba. Ta datse rassan har ya koma kututture, ta binne tsohon tulu mai tsaga a gefen saiwarsa. Sannan ta mirgino dutsen da mutanen gida ke alwala a kai, ta ja 'yar hanya da yatsa zuwa bakin tulun. Duk wanda ya wanke fuska da ƙafa, ruwan ya gangara. Alhusaini ma nan yake tsugunawa, yana mitar an matsar masa da dutse.

Kututture ya toho. Da ya yi fure, ƙamshin har zaure.

Bayan kaka aka sa bikin Safi, ɗiyar Alhusaini. Aka zaga kasuwa, babu lalle sai tsohon gari da ba ya kamu. Safi ta shige ɗaki, ta ce ita ba a kai ta gidan miji da farar ƙafa.

Kaltumi ta tsinko ganye, ta shanya a inuwa, ta daka. Da aka kwance wa amarya ƙunshi, ƙafafu jawur, har ana turereniyar kallo.

"Ke Kaltumi, mi kika ba iccen ga?" in ji wata daga matan pampo.

"Ku tambayi Yaya. Shi ya fi kowa shayar da shi."

Alhusaini ya dubi dutsen, ya bi 'yar hanyar da ido har bakin tulu. Sai ya kira yaran gida, suka taru.

"Gabansu na yi miki tsawa, to su ji wannan ma. Kaltumi, ban kyauta ba. Ki gafarce ni."