Kwaɗon da Othniel Ya Sayo

Tun ranar da aka sako Othniel daga kurkuku, yayarsa Hephzibah ba ta sake barin wuƙa a kicin ba. Ta ba shi ɗakin bayan gidanta a unguwar Muchia, don jini ba wasa ba ne, amma idonta na kansa. Faɗa ya kai shi gidan yari, a can kuma ya fasa wa wani fursuna ido don kawai ya dafa shi ta baya. Daga nan aka jefa shi ɗakin kaɗaici, ya yi shekaru ba ya ganin kowa sai hannun da ke turo masa abinci.

Ya dawo ba ya magana sai dole. In an miƙa masa hannu sai ya ɓoye nasa. Tuwo ma a tsaye yake ci, bayansa jingine da bango.

Ran Asabar da hantsi maƙwabciyarta Nnenna, wadda labari ba ya kwana a bakinta, ta leƙo tana kiran Hephzibah da sunan 'yarta.

"Maman Ify, na ga ƙanenki a kasuwar Sabon Gari, yana sayen kwaɗo da ƙusoshi. Ni dai na faɗa miki."

Hephzibah ta shiga tunani. Me mutumin da bai mallaki ko akwati ba zai kulle? Me yake ɓoyewa? Ga shi da yamma matan zumunta na coci za su zo yi masa barka da arziki, ita da kanta ta gayyace su. In wani abu ya faru a gabansu, ta gama yawo a unguwar, shi kuma sai ya bar mata gida.

Can da la'asar ta jiyo bugun guduma, ta zagaya baya a fusace. Ta tarar ya kafa ƙarfen rataya kwaɗon a ƙofar ɗakinsa, amma ta waje.

"Wa za ka kulle a gidana?"

Bai ɗago ba. "Yaya, in sun zo za su yi addu'a ko?"

"To da rawa za su yi maka?"

"Za su kewaye ni, su ɗora mini hannu a ka da kafaɗa, idona a rufe." Ya ajiye gudumar. "Har da Mama Josephine, tsohuwar da ta goya ni. Wallahi ban san abin da hannuna zai yi ba."

Ya miƙo mata makullin a tafin hannu.

"Haba Othniel, gida ka dawo fa."

"Na sani. Ki taimake ni, Yaya."

Daga bakin titi aka fara jiyo waƙar matan da kiɗan tulunansu, suna matsowa. Ya shige ciki, ya zauna a ƙasa can ƙurya, ya ja ƙofar da kansa. Hephzibah ta tsaya har waƙar ta iso zaure, sannan ta danna kwaɗon.

Nan take ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, hankalinta ya kwanta, kuma kunyar wannan kwanciyar hankalin ta kusa kayar da ita.

Mama Josephine ce ta fara shigowa, tana dogara sanda, hannunta ɗaya a buɗe. "Ina ɗan nawa? Ku kawo mini shi in rungume shi."

Hephzibah ta damƙe makullin cikin zaninta. "Ya ɗan fita, Mama," in ji ta.