Sito Mai Kallon Gabas

Shekara arba'in Kabo yana gina wa mutanen garin Babban Mutum rumbu, ba a taɓa jin iska ta kayar da nasa ba. Amma a shekarar da kwamiti ya fara karɓar zakkar hatsi, ɗansa Jafaru ya dawo daga Daura da sabon babur da sabon ra'ayi. Wai rumbun laka ƙauyanci ne, sito zai gina mai kusurwa huɗu da rufin kwano.

Abin da ya fi ci wa Kabo rai shi ne inda aka juya fuskar ginin. Gabas sak, mafitar hadari, ga bakin kwanon ya zarto kamu uku. Kuma can za a zuba geron gidan kaf, har da irin shuka da Kabo ya gada wajen mahaifinsa, wanda yake zaɓar zangarniyarsa da hannu kowace kaka.

"Jafaru, in kana gudu a babur ɗin nan, me ya sa kake sunkuyawa?"

"Iska, Baba. Tokare ƙirji take."

"To ita ce dai. Abu mai zagaye ba ta samun inda za ta kama shi, sai ta rabu biyu ta wuce. Shi ya sa rumbu ke da ciki kamar tulu, jinkarsa da tsini. Kai kuwa ka tare ta da bango, ka ƙara mata da mariƙi."

Jafaru ya yi irin murmushin da ake yi wa tsoho don a rabu lafiya. Aka rushe rumbun gidan, aka kwashe geron zuwa sito.

Hadarin farko ya taso bayan la'asar. Iska ta shiga ƙarƙashin kwanon, ta yaye shi ɗungurungum, ta ajiye a gonar maƙwabta, ruwa ya samu ƙofa. Kafin kwana uku gero ya fara tsiro cikin buhuna, sauran ya yi tsami. Rumbunan unguwa, ginin Kabo, ko karan jinka bai faɗi ba.

Masu jaje suka ce ƙaddara ce. Kabo bai musa ba. Jafaru kuwa kafinta ya sake kira, ya ce a kawo ƙusa mai tsawo.

Ranar kasuwa Kabo ya je Mai'adua ya auno iri. Mai awon ya tambaye shi wanne yake so.

"Zuba kowanne," in ji Kabo. "Nawa ba ya nan."