Garin Ɗaga Umma

Nauyina kilo arba'in da shida ne, na Umma saba'in da tara. Duk wanda ya iya lissafi ya riga ya gane matsalata.

Tsinke ake ce mini a gidanmu tun ina yarinya, kuma sunan bai taɓa ɓata mini rai ba sai da Umma ta yanke jiki ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Aka sallamo mana ita daga asibiti da keken marasa lafiya, da ledar magunguna, da kalmomin da ba su fi goma ba da suka rage mata a baki. Ni kaɗai nake zaune da ita tun da aurena ya mutu. Yaya yana can wancan gefen gari da iyalinsa, tafiyar sa'a guda idan hanya ta yi kyau.

Mai gashin ƙashin da ke zuwa duba Umma ita ce ta koya mini ɗagawa. In tokare gwiwoyin Umma da nawa, in rungumo ta ta ƙarƙashin hammata, in ƙirga uku, mu miƙe tare. A hannunta abin kamar wasa, don ita mace ce mai jiki. Ni kuwa idan na kai uku, Umma takan tsaya tsakanin zaune da tsaye, ni ina rawar ƙafa, ita tana kallon silin.

Wurin da ya fi wuya shi ne banɗaki. Guda ɗaya ne a gidan, kuma wanda ya gina shi, Allah ya yafe masa, bai taɓa tunanin mutum zai tsufa ba. Ƙofar ba ta cin keke, saboda haka taku huɗun ƙarshe a rungume muke yin su. Idan na zaunar da ita ma ban huta ba, domin jikinta yana rinjaya dama, inda bakin baho yake. Sai in tsaya gabanta, goshinta a cikina, hannayena a kafaɗunta, har ta gama. Wani lokaci minti biyar, wani lokaci ashirin. An kawo fo ta ture shi da hannunta mai lafiya, an kawo kunzugun manya ta juya fuska bango ta ƙi cin abinci kwana guda. Ban ga laifinta ba.

A mako na uku muka faɗi, ni da ita, tsakanin gado da keke. Goshinta ya kumbura. Da yamma Yaya ya zo, ya daɗe yana duban kumburin, sannan ya kira ni tsakar gida.

"Ba faɗa na zo yi ba," in ji shi. "Amma dubi hannunki. Da wannan za ki riƙa ɗaga ta?"

"Da shi nake ɗaga ta tun da aka sallamo ta."

"Na gyara mata ɗaki a wurina. Zan ɗauko mai kula da ita, wadda ta san aikin."

"Ka tambaye ta?"

Ya shiga ya tambaye ta. Umma ta kama ƙarfen gadonta da hannun hagu, ta ce, "Nan." Ɗaya ce daga cikin kalmomin da suka rage mata, kuma ta faɗe ta sau uku. A ɗakin nan ta yi shekara arba'in da ɗaya. Daga tagarsa tana ganin mai kanti, da mai facin taya, da duk matar da ta wuce kasuwa, kuma kowa yana ɗaga mata hannu. Ɗakin da Yaya ya gyara a sama yake, tagarsa tana kallon tankin ruwan maƙwabta.

Yaya ya fito yana goge ido. Ba mugu ba ne, shi ya sa gardama da shi take da wahala. Ya ce, "To, na bar ta. Amma ranar da ta sake faɗuwa, ranar zan ɗauke ta. Ko kin yi kuka, ko ta yi."

Ina aiki a shagon fotokofi daga takwas zuwa ɗaya na rana. Shago ne mai faɗin tabarma biyu, da injin da ke cin takarda idan ya ga dama, da fankar da ke juya zafi kawai. A nan wani mai gidan motsa jiki ya zo buga takardun talla, damatsansa sun cika rigarsa har ɗinkin yana neman agaji. Ina jera masa takardun na ji bakina ya tambaye shi yadda mutum yake yin ƙarfi da sauri.

Ya dube ni sama da ƙasa, bai yi dariya ba, kuma na gode masa a raina. Ya ce tsoka ba ta ginuwa da iska, sai an ba ta furotin, wato sinadarin gina jiki. Washegari ya kawo mini wata ƙatuwar roba cike da gari mai ƙamshin biskit, da ɗan ludayi a ciki.

"Ludayi ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ki kaɗa a ruwa. Ki riƙa ɗaga jarkar ruwa sau goma-goma. Wata biyu, Malama, za ki ba ni labari."

Labarin bai jira wata biyu ba. A rana ta biyu cikina ya fara ƙugi ina tsaye gaban inji, har wani dattijo da ya kawo takardun fansho ya ce injin namu yana bukatar makaniki. Na ce masa haka ne, za mu kira. A rana ta huɗu ciki ya kumbura ya yi tam, zanen da nake ɗaurawa da rara ya koma da ƙyar. Sai murɗa, sai gudawa. Shagonmu ba shi da banɗaki, sai na bayan layin shagunan, kuma mabuɗinsa yana hannun mai sayar da gilashin ido, mutumin da ba ya miƙa mabuɗi sai ya tambayi lafiyar kowa a gidanku. Na koma wurin mai damatsa, ya ce jiki ne yake sabawa, kowa haka ya fara. Na yarda da shi saboda ina son in yarda.

Wata safiya ina kaɗa garin a ɗakin Umma, ta miƙo hannu. Na ba ta kofin ta shinshina, ta ɗaure fuska ta ce, "Madara."

Na yi murna, don sabuwar kalma ce. Na ruga na haɗa mata madara mai ɗumi na kawo. Ta ture. Ta nuna ni da yatsa, ta sake cewa, "Madara." Na ce, "Umma, ga ta nan ai." Ta rufe ido kamar yadda take yi mini tun ina ƙarama idan wautata ta ishe ta. Kwana uku muna wannan, kullum ina haɗa madara tana turewa, har na fara jin haushinta.

Mai kemis ɗin layinmu ce ta warware mini. Na je neman maganin gudawa karo na uku, ta ce in kawo mata abin da nake sha. Ta sa tabarau ta karanta ƙananan rubutun bayan robar.

"Wannan ai daga madara ake yin sa. Kina shan madara?"

Ba na sha. Ban taɓa iya sha ba, tun ina yarinya ko a shayi aka ɗiga mini sai na wuni a tsugune. Ni na manta da haka don na daɗe da dainawa, amma matar da ta yi ta wanke mini wando ba ta manta ba. Ta rasa sunana, ta rasa sunan Yaya, amma ta haƙo wannan kalmar daga inda take don ta gargaɗe ni, ni kuma ina ta kawo mata kofi. Na ji kunya sosai a gaban mai kemis, ko da yake ba ta san dalili ba.

Mai hankali a nan zai daina. Na gwada wani garin da aka ce na tsirrai ne, ya cika ni da iska har numfashi yana yi mini wuya idan na sunkuya, kuma sunkuyawa ita ce aikina. Na gwada ƙwai da wake, amma cikin da bai saba cin da yawa ba ba ya koya a mako guda. Sai na koma wa na farkon, rabin ludayi, a ɓoye a kicin inda Umma ba za ta ji ƙamshinsa ba. Dalilina shi ne na ga kamar ɗagawar ta fara sauƙi. Ko garin ne, ko jarkar ce, ko kuwa hannuna ne ya koyi aikin, har yau ban sani ba. Na dai ji tsoron in daina in gane cewa garin ne. Da na hau sikelin mai kemis sai na ga kilo arba'in da huɗu, na sauka ban gaya wa kowa ba.

Idan ina shago, maƙwabciyarmu Maman 'Yan Biyu ce ke zama da Umma. Tana ba ta abinci, tana yi mata hira, amma tana da ciwon baya, ba ta ɗagawa. Saboda haka Umma takan riƙe duk abin da ya matse ta tun daga bakwai da rabi har in dawo. Da na shigo, ko jaka ba na ajiyewa daidai, sai banɗaki.

Ranar wata Laraba na taso daga shago cikina yana murɗawa. Mai gilashin ido ya rufe ya tafi da mabuɗi, na ce ba komai, gida ba nisa. A hanya sau biyu ina tsayawa ina dafa bango kamar mai gyara takalmi. Na shigo da niyyar in fara shiga ni, minti biyu kawai, sai na tarar da Umma ta riga ta zuro ƙafarta mai lafiya ƙasa, gumi a goshinta, tana kallon ƙofa.

"Tun sha ɗaya take cikin wannan halin," in ji Maman 'Yan Biyu tana neman takalminta. "Na ce ta yi a fo, ta harare ni. Bari in je, na bar tukunya a wuta."

Na ƙirga uku muka miƙe. Keke, tsakar gida, ƙofa, taku huɗu. Na zaunar da ita, ta jingina goshinta a cikina, daidai inda yake ciwo.

Ranar ta zama ta minti ashirin. Na dinga kallon tayil ɗin bango ina cije leɓe. Murɗar tana zuwa ta tafi, kowace ta fi ta baya. Na gwada sassauta hannu ɗaya in gani, nan take kafaɗarta ta tafi dama, wajen bakin baho, na maido ta. Na kira Maman 'Yan Biyu sau biyu, amma rediyonta a kunne yake. Ko da ta ji ma, ina zan je? Wurin zaman ɗaya ne, kuma Umma tana kai.

Na san goshinta yana jin duk abin da cikina yake yi. Ta ɗago ido ta dube ni, ta sa hannun hagu tana ture ni, wai in tafi.

"Ba inda za ni," na ce. "Ki yi abinki."

Ban sake ta ba. Abin da zai faru ya faru ina tsaye, ina da shekara talatin da takwas, hannayena biyu a kafaɗun uwata. Ban yi kuka ba a lokacin, don kuka ma yana girgiza hannu. Na jira ta gama, na wanke ta, na ƙirga uku, taku huɗu, keke, gado. Ba ta faɗi ba, ko gurɗewa ba ta yi ba. Sannan na koma na gyara kaina da banɗakin, na daɗe a ciki fiye da yadda aikin yake bukata.

Da na fito na tarar ta jawo wayata daga jakar da na yar a bakin gado, ta ɗora ta a cinyarta. Na zauna kusa da ita ina ta surutu, wai ai ba komai ba ne, ciki ne kawai, na daina shan garin daga yau, kuma Yaya ba zai taɓa ji ba tunda ba wanda ya faɗi. Ta bar ni na gama. Ta kama hannuna ta juya shi, ta zagaye tsintsiyar hannun da yatsu biyu, yatsun suka haɗu har da saura. Ta daɗe tana kallon wurin.

Sai ta tura mini wayar.

"Umma, ba ki faɗi ba. Sharaɗinsa ke nan, kuma ba ki faɗi ba."

Bakinta ya yi ta motsi kafin kalmar ta fito, kuma da ta fito ba ta yi rawa ba.

"Kira."

Na ce a'a. Na ce ta ba ni wata ɗaya. Na ce zan bar aikin shagon, zan nemo mai taimako, zan sa a fasa ƙofar banɗakin. Duk abin da na faɗa na san ba zai yiwu ba, ita ma ta sani. Ta riƙe hannuna a kan wayar har na nemo lambar Yaya. Wayar tana ta ƙara, ina fatan kada ya ɗauka, sai ya ɗauka.

"Lafiya? Ta faɗi ne?"

"Ba ta faɗi ba," na ce. "Ita ta ce ka zo."