Shamuwar Kan Tsamiya

"Ba zan tura su ba, ranka ya daɗe."

Malam Usmanu, shugaban makarantarmu a Ƙauran Namoda, ya cire tabarau ya dube ni. So yake in ba 'yan ajina gora su kakkaɓe sheƙunan shamuwar da ke kan tsamiya. Kashinsu na ɓata sabuwar katangar da ta raba sashen maza da na mata tun da aka ƙaddamar da Shari'a, ga manyan baƙi na tafe daga Gusau ran Litinin.

"Malama Rekiya, tsuntsaye ne hwa."

"Da 'ya'ya a ciki," na ce.

Tun saukar shamuwar, kafin ruwan fari, 'yan matan ajina, aji biyu, ke lura da su. Malam Jaji, ma'aikacin gidan namun daji a Kano, shi ya koya mana ta wasiƙa: a zauna nesa, a yi shiru, a rubuta abin da ido ya gani kawai. Duk wata mukan aika masa littafinmu, ya maido shi da jan biro. Ni ce mai takardar koyarwa, ina kuma taƙama da ita. Amma Asta, ɗiyar makiyaya daga Birnin Tsaba, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, ita ta gane abin da ya sa uwar shamuwa kan buɗe fukafukai bisa 'ya'yanta da tsakar rana.

"Malama, inuwa take musu," ta raɗa mini. "Awa Innata in muna wajen kiwo."

Ran Asabar shugaba ya turo Ado lebura da tsani. Ya tarar da ni na shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar, ina duba takardun jarrabawa.

"Malama, gusa in hau."

"Baba Ado, nan ne iska ta fi daɗi."

"Subhanallahi! Ni da furfurata in hau bisa kan ɗiyar mutane?"

Ya jingine tsanin ya zauna gefe, na miƙa masa gyaɗa. Haka muka wuni, haka muka sake wuni Lahadi, kashin shamuwa na ɗiga a hijabina. Litinin da sassafe 'yan matan suka zo da bokitai ba wanda ya aike su, suka wanke katangar tas. Baƙi suka zo suka wuce, ko kallonta ba su yi ba.

Bayan kwana tara takarda ta iso: an maida ni makarantar garin Galadi saboda ƙin bin umarni.

A can wasiƙar Asta ta same ni, layi uku: 'ya'yan sun tashi duka, ƙaramin ya faɗo sau biyu kafin ya iya.

Ban yi nadama ba. Amma na rasa ajina, na bar Innata ita kaɗai a Ƙaura, kuma ban ga tashinsu ba.