Waƙar Dogo da Keken Inna

Tun tasowar Auta ta san mahaifinta da jita a hannu. Dogo mai jita ake ce masa, waƙoƙinsa kuwa na manoma ne da direbobi da masu kewar gida. Bai taɓa naɗar ko ɗaya ba. Da yatsunsa suka fara sanƙarewa da safe, sai Auta ta ga idan aka yi sake, waƙoƙin za su tafi tare da yatsun. Ta yi ta lallashinsa har ya yarda ta kai shi sitidiyo.

Ɗakin ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da soso, ko numfashi ka yi sai ka ji abinka. Mai sitidiyon ya gyara makirfo, ya ɗaga masa hannu daga bayan gilashi.

Dogo ya fara. Baiti ɗaya, kiɗan ya ruga ya bar muryar. Ya sake, wannan karon muryar ce ta yi gaba. Da aka yi ta maimaitawa, ya kwantar da jitar a cinya yana kallon hannunsa.

"Mu tafi gida, Auta. Mun makara."

Auta ta tuna da wani abu. Jiya da yamma ta ji shi ya rera wannan waƙar sumul a shagon Inna, yana zaune a kan benci kusa da tarin yadi, inda ya saba zama kullum, Inna na taka keken ɗinkinta. Yanzu kuwa ta dubi ƙafarsa, ta ga tana lilo a sama, tana neman abin da za ta bi.

Da la'asar Auta ta sa aka sauke keken ɗinkin a ƙofar sitidiyo. Inna ta biyo bayansa da ƙullin ɗinki a hammata.

"Ni ba na taka keke a banza," ta ce wa mai sitidiyon. "Labulen mutane ne, gobe za a karɓa."

"Ƙarar za ta shiga cikin waƙar fa, Inna."

"Dama can a ciki take, ɗana. Wannan tsohon ne bai sani ba."

"Ke dai kin samu hanyar shiga faifai," in ji Dogo.

"Yi mana shiru, ka ɗauki jitarka."

Ta ɗora ƙafa a kan feda. Keken ya kama tafiyarsa, kacau-kacau, ba sauri ba nawa. Dogo ya lumshe ido, ƙafarsa ta sauka ƙasa, yatsun suka bi. Da Inna ta kai ƙarshen gefen labulen ta tsaya yanke zare, daidai nan baitin ya ƙare, ya ja numfashi. Ta juya yadin, ya shiga na biyu.

Auta ta leƙa bayan gilashi. Jar fitilar naɗi na kunne, mai sitidiyon na gyaɗa kai.

Da waƙar ta ƙare, Inna ta ɗaga labulen tana duba ɗinkin.

"Saura uku," ta ce. "Kana da waƙoƙin da za su ishe su?"