Alli a Diddige

Lahadi uku ke nan Najaha tana riƙe da ajin ƙanana a Islamiyyar Asabar da Lahadi ta unguwarsu. Malam Sa'adu, mai makarantar, ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: yau zai zo ya gwada yaran a kan alwala. In ba su iya ba, aji ya koma hannun wani.

Ita kuwa ajin nan ya shiga ranta. Yara goma sha bakwai, babbansu bai wuce shekara shida ba, baki kamar rediyo. Jerin alwala kam sun haddace shi tsaf, in suka rera har bakin titin Damagaram ana jin su. Amma miƙa musu buta ka sha kallo! Wani daga ƙafa yake farawa, wata ta shanye ruwan kurkurar baki. To laifinsu ne? Iyaye maza duk sun tafi cin rani Kano da Legas, babu wanda yaro zai tsuguna gefensa a ƙofar masallaci ya kwaikwaya. Iyaye mata kuwa a gurguje suke yi, tsakanin daka da girki.

Tana shara da safe dabara ta faɗo mata, ta yar da tsintsiya don murna. Ta turo jarka biyu na ruwa a baro, ta aro butoci gida-gida. Ta fito da yaran tsakar makaranta, ta ɗauki allin rubutu ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta shafa wa kowa fari a goshi, a gwiwar hannu, da diddige.

"Wanda ya gama alwala allinsa ya ɓace, shi ne gwani," in ji ta. "Wanda fari ya rage masa, ya sake!"

Sai wuri ya kaure. Ita ma ta shafa wa kanta, ta tsuguna tsakiyarsu tana yi a hankali suna bin ta. Kowa na leƙa diddigen ɗan'uwansa yana ihu, "Naka bai fita ba!" Najaha ta yi dariya har da hawaye, ta manta shaf da batun gwaji.

Ƙarar babur ce ta tuna mata. Malam Sa'adu ya leƙa aji, ba kowa, allo ko harafi ɗaya babu. Ya dubi taɓon da ya cika tsakar makaranta da jiƙaƙƙun riguna.

"Najaha, makaranta ce nan ko rafi?"

"Allah gafarta Malam, karatu muke yi."

"Karatu." Ya girgiza kai. "Azahar ta matso. Bari in yi alwala, sai mu yi magana."

Ta san ma'anar wannan maganar. Malam ya ja buta ya yi alwala shaf-shaf irin ta wanda ya shekara hamsin yana yi. Yaran suka zagaye shi, suka zuba masa ido. Yana shirin miƙewa sai Indo, ƙaramarsu duka, ta nuna da yatsa.

"Malam, diddigenka bai jiƙa ba. Ka sake."

Najaha ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Malam ya karkata ƙafarsa ta hagu ya duba. Ga ƙurar hanya nan a bayan diddige, busasshiya, ruwa bai taɓa ta ba. Sai ya koma ya tsuguna, ya zuba ruwa ya cuɗa wurin sosai.

"Yanzu fa?" ya tambayi Indo.

Ta durƙusa ta duba da kyau, har tana taɓawa da yatsa. "Yanzu ka zama gwani."

Yara suka ɗau tafi da tsalle. Malam ya miƙe yana gyaran hula, ya juyo wajen Najaha.

"Allin nan ya rage?"

"Akwai saura, Malam."

"Ki adana shi. Asabar mai zuwa, in kin gama da ajinki, ki biyo ta ajin manya."