Abokin Mai Agogo

Takardar ta iso ran Litinin, Mai Agogo na tsaka da ciro allurar wani agogon hannu da hantsaki. Ya karanta ta a tsaye, ya sake karantawa a zaune, ba ta canza ba. Ƙanensa, wanda har yau ake kira Auta ko da yake furfura ta ci rabin gemunsa, ya kai shi kotu. Wai mahaifinsu ya ba shi gidan tun yana da rai, yayansa kuwa ɗan haya ne kawai, a fitar da shi. In yana da ja, ya shigar da amsa a rubuce cikin kwana goma sha huɗu. In ya yi shiru, kotu ta ɗauka ya yarda.

Shagon ɗakin gaba ne na gidan, mai ƙofa a titi. Shekara talatin da ɗaya yana cikinsa: teburi mai gilashi, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gwangwanaye cike da ƙananan ƙusoshi, da agogunan bango goma sha ɗaya da ba ɗaya da ke saɓa wa ɗan'uwansa. Mutum ne da ba ya iya ganin agogo na ƙarya ya yi shiru. Ya taɓa hawa kujera a gidan makoki ya gyara na bango, ana tsaka da addu'a. Tun da tsohon ya rasu ba a raba gidan ba, kowa ya ci gaba da zama inda rasuwar ta same shi. Yanzu Auta ya samu mai saye, mai sayen kuma yana son ƙofar titi.

Kwana biyu bai iya zama ba. Ya ɗauki aiki ya ajiye, ya leƙa titi ya dawo. A na uku ya tsallaka wurin Tsohon Masinja, wanda ya yi shekara ashirin da biyar yana ɗaukar fayil a kotu, har ya yi imani doka ta shige shi ta hammata.

"Wani abokina ne," in ji Mai Agogo, yana kallon takalminsa. "Yana da shago, mai gidan ya ce ya tashi."

"Haya yake?"

Me zai ce? Cewa wanda suka sha nono ɗaya ne ya kai shi gaban alƙali? Sai ya ari kalmar da ke cikin takardar. "Haya yake."

"Da yarjejeniya a rubuce?"

"Babu."

"To abokinka ya fara neman kwalaye. Mai wuri ya zo, mai tabarma ya naɗe."

Bai gamsu ba. Ran Juma'a da hantsi akwai shirin rediyo da lauya ke amsa tambayoyin jama'a a kan dokokin jiha. Ya rufe ƙofa, ya kira, ya maƙe murya. Lauyan ya yi bayani tiryan-tiryan: ɗan haya na da haƙƙin a ba shi wa'adi, yana iya roƙon ƙari, amma ba ya hana mai gida gidansa. Amsa ce mai kyau, ta tambayar da aka yi. Abin da Mai Agogo ya manta shi ne ƙarfe goma sha ɗaya ta cika yana kan layi, agogunansa suka buga gaba ɗaya, duk jihar ta ji.

Da ya buɗe ƙofa, mai walda na kusa da shi ya ɗaga tabarau. "Maigida, a gaishe mana da abokin nan naka. Shi ma agogo yake gyarawa?"

A kwana na tara ya fara sauke agogunan. Kowanne ya bar farar da'ira a bango. Ya naɗe uku a tsumma, ya kwance ɗaya ya mayar, ya sake saukewa. A haka 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta same shi da ta biyo daga asibiti.

"Baba, me ya faru da bangon?"

"Fenti zan yi, Uwata."

"Kai da ka ce fenti kwalliyar marasa aiki ce?" Ta zauna a bencin masu jira. Ta san halinsa, in aka matsa masa sai ya ƙara shigewa kamar kunkuru. "Mun ji shirin a ɗakin marasa lafiya. Akwai ofishin da lauyoyi ke ba da shawara kyauta, bayan gidan waya, ran Litinin kaɗai. Ka gaya wa abokinka."

"Zan gaya masa."

"Ka ce masa 'yarsa ta ce ya je."

Litinin ɗin ita ce rana ta goma sha huɗu. Ya fita da safe, ya wuce ƙofar ofishin sau biyu kamar mai neman wani gida, ya tsaya ya karanta duk sanarwar da ke jikin gidan waya, har da ta ɓatan akuya. Sai bayan azahar ya shiga, ya tarar da layi. Wata na tambaya a madadin 'yar'uwarta da magudanar maƙwabci ke cin katangarta. Wani direba na tambaya a madadin wani direba da aka ƙwace wa lasisi. Wani dattijo na son sanin ko maƙwabcinsa na iya sare reshen da ya leƙo masa. Duk ɗakin ba mai damuwa ko ɗaya, 'yan aike ne kowa da kowa.

Ƙarfe uku da kwata aka kira shi. Lauyar mace ce mai tabarau, gajiya ta zauna mata a kafaɗa. Ya karanto labarin abokinsa, wanda zuwa yanzu ya haddace. Ta jawo fom.

"Sai mu roƙa masa ƙarin wa'adi, ya samu ya kwashe kaya a mutunce. Yaushe ya fara hayar?"

"Shekara talatin da ɗaya."

"Da wa suka yi magana?"

"Da tsohon mai gidan. Ya rasu."

"Me suka ƙulla? Ko da baki ne, ina son kalmomin."

Kalmomin kam yana da su, bai taɓa yar da su ba. "Ya ce, ga ɗaki nan, ka daina yawo da akwati a kasuwa kamar marar uba."

Ta ajiye biro. Ta cire tabarau ta dube shi.

"Baba, ba haka mai gida ke yi wa ɗan haya magana ba. Abokin nan naka, wa ya haife shi?"

Ya dubi fanka, ya dubi ƙofa. A wuyan hannunsa daƙiƙu na ta wucewa, yana jin kowace.

"Wanda ya kai ƙarar ƙanena ne," ya ce da ƙyar. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na koya masa duba lokaci." Ya zaro takardar daga aljihu, ta yi laushi don naɗi.

Ta karanta, ta yage fom ɗin gida biyu. "Da ka sa hannu a wannan, da ka shaida wa kotu da kanka cewa ƙanenka ya yi gaskiya. Ɗan haya lokaci yake roƙa. Magaji kuwa yana da kaso, wanda ya ce an ba shi gida kyauta shi zai kawo hujja. Ban ce ka ci shari'a ba, Baba. Na ce kana da bakin magana, kai kuma ka yi kwana goma sha huɗu kana ba wa wani aronsa." Tana faɗa tana rubutu. "Sunanka. Naka, ba na abokinka ba. Rajista na rufewa ƙarfe huɗu."

Ya fito huɗu saura kwata. Ya shiga tasi, amma motoci sun cushe a mahaɗa, ya sauka ya kama sauri, rigarsa na kama iska, gwiwoyinsa na tuna masa shekarunsa. Ya hau matakalar kotu yana haki. A bakin tagar rajista ya dubi hannunsa: huɗu da minti huɗu. Agogonsa bai taɓa yi masa ƙarya ba, yau ma bai yi masa wannan alfarmar ba.

Magatakardan ya riga ya ɗora hannu a kan marfin taga. Ya waiwaya ya dubi agogon bango, wani tsohon agogo mai ƙura a fuska, ya ja tsaki, ya karɓi takardar. Ya buga hatimi, ya rubuta ranar zama.

"Ka taki sa'a, Baba. Saura minti shida."

Mai Agogo ya ɗaga kai. Daga inda yake tsaye ya san ciwon: batir ne ya yi sanyi, aikin minti biyu. Maganar ta taso masa har maƙogwaro, yatsunsa suka fara motsi. Ran zama zai tsaya a ɗakin nan na sama, Auta a gefe, ya faɗi a gaban mutane abin da ya kasa faɗa wa mai walda. Wannan na nan tafe.

Ya ja hannun rigarsa ya rufe agogonsa.

"Haka ne," ya ce. "Saura minti shida."